Okestira ta Matasa

Okestira ta matasa ƙungiya ce ta makaɗa masu tasowa, galibinsu daga shekara 13 zuwa ashirin da 'yan kai, waɗanda ke kaɗa rubutaccen kiɗan Turai na mawallafa irin su Beethoven da Mahler. Tsarinta ɗaya ne da na manya: masu biyolin (gogen Turawa) da sauran kayan tsirkiya a gaba, mabusa a tsakiya, masu ganguna da kuge can baya, jagora kuma na tsaye da siririyar sanda a hannu. Da gwaji ake shiga, kuma idan shekaru suka wuce sai a ba na baya wuri.

A Amurka, ta birnin Fotlan da aka kafa a 1924 ita ce mafi daɗewa. Ruth Railton ta kafa ta Birtaniya a 1948. Ta Tarayyar Turai ta biyo baya a 1976, Claudio Abbado ne jagoranta na farko. Amma wadda ta fi sauya tunanin duniya a kan lamarin ita ce ta Benezuwela. A 1975 José Antonio Abreu ya fara shirin El Sistema, wanda ke koya wa yara kiɗa kyauta, har da 'ya'yan talakawa da ba su taɓa riƙe biyolin ba. Daga nan shahararren jagoran okestira Gustavo Dudamel ya fito. A 2007 ya kai okestirar matasan shirin, mai suna Simón Bolívar, zauren Royal Albert da ke Landan, inda a ƙarshen wasa makaɗan suka sa riguna masu launin tutar ƙasarsu, suna kiɗa suna rawa.

Wanda ya je kallo zai fara jin daɗin tun kafin a soma. Shugaban masu biyolin ya miƙe, mai busa obo (wani abin busa mai kama da algaita) ya saki sauti guda mai tsawo, kowa ya daidaita kayansa da shi. Sai zauren ya yi tsit. A wannan ɗan shirun za ka ga yarinya tana goge tafin hannunta a jikin siket, wani yaro yana ƙirga bugu da leɓe. Faifai ba ya ɗauko irin wannan. Ba ya ɗauko yadda sautin manyan kayan tsirkiya ke ratso ƙasa har cikin ƙirjin mai sauraro.

Ƙwararrun makaɗa kan shirya wasa cikin 'yan kwanaki, don sun sha kaɗa shi. Matasa kuwa sukan tare wuri guda lokacin hutun makaranta, su kwashe mako ɗaya ko biyu suna bita safe da yamma, kuma da yawansu karon farko ke nan da suka haɗu da wannan kiɗan. Shi ya sa wasansu ke da zafi. Wani lokaci ƙaho ya kuskure, ko gudu ya ɗan yi yawa, amma da wuya ka ji sanyin jiki.

Babban kiɗan da ake kira simfoni yawanci kashi huɗu ne, kuma al'adar yau ita ce a riƙe tafi sai an kammala duka. A zamanin Mozart ba haka ba ne, mutane na tafawa ana tsaka da kiɗa. A wasan matasa, inda iyaye da ƙanne suka cika kujeru, sau da yawa tafin kan ɓarke tun bayan kashi na farko, jagora ya ɗan dakata, sannan ya sake ɗaga sanda.