Hutun 3 ga Oktoba a Jamus: me doka ta ce?

Wanda tafiyarsa Jamus ta faɗo a kan 3 ga Oktoba, ya yi cefanensa tun ana gobe. Ranar ce ake tunawa da haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990, kuma yarjejeniyar haɗewar ce da kanta ta mayar da ita ranar hutu. Ita kaɗai ce hutun da dokar tarayya ta kafa. Sauran, har da Kirsimeti, dokokin jihohi 16 ne suka tanade su.

A wurinmu ranar biki ranar kasuwa ce da kiɗa. A Jamus kuwa tsarin mulki, a sashe na 140, ya ɗauko wani tanadi na 1919 da ya keɓe Lahadi da ranakun hutu domin a ajiye aiki a samu natsuwa. Shi ya sa manyan kantuna ke rufe ruf. Abin da za ka tarar a buɗe sai gidajen mai, shagunan manyan tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama, gidajen abinci, da kantin maganin da ke bakin aiki a ranar. Idan ciwo ya taso a kira 116117, in na gaggawa ne 112.

Inda baƙi suka fi tuntuɓe shi ne hayaniya. Dokar tarayya ta hana kunna injin yankan ciyawa da makamantansa a unguwannin zama duk tsawon ranar. Ƙa'idojin garuruwa sun hana jefa kwalabe a akwatin tara gilashi, dokokin gidajen haya kuma galibi sun hana buga ƙusa da ƙure sautin rediyo. Hatta manyan motocin kaya da suka haura tan 7.5 ba sa hawa titi daga tsakar dare zuwa ƙarfe 10 na dare. Maƙwabci na da ikon kiran 'yan sanda, ana iya cin tara, kuma mai masaukinka ne zai ci gaba da zama da maƙwabtan bayan ka tafi. Ko don shi kaɗai, a kiyaye.

Babban bikin yana zagayawa ne, kowace shekara a jihar da ke shugabantar majalisar jihohi. Idan an tashi rera taken ƙasa, baiti na uku kawai ake yi. Gaisuwar 'yan Nazi da alamominsu kuwa laifi ne a ƙarƙashin sashe na 86a na kundin laifuffuka, hukuncinsa tara ko ɗaurin da ya kai shekara 3, ko da wasa aka yi don ɗaukar hoto. A 2017 an kama wasu 'yan yawon buɗe ido biyu daga Sin a gaban majalisar dokoki a Berlin kan haka.

Masallatai dai a buɗe suke. Tun 1997 Musulmin Jamus suka zaɓi wannan rana don gayyatar waɗanda ba Musulmi ba su shigo su gani su yi tambaya, saboda haka in ka je sallah kana iya tarar da baƙi a ciki ana zagayawa da su.