Waiwaye: Tom Kitwood da tsofaffin da ake magana a kansu suna zaune

A wasu gidajen kula da tsofaffi masu cutar mantuwa a Ingila, za ka ga mutum ya ja kujera ya zauna a lungun falo da takarda da biro, ya shafe awa shida bai ce uffan ba. Duk bayan minti biyar sai ya dubi 'yan tsofaffin da aka ba shi, ya rubuta abin da kowa ke yi: barci ne, hira ce, ko ƙura wa bango ido. Sannan ya ba da maki daga -5 zuwa +5, gwargwadon walwala ko ƙuncin da ya gani a fuska. Wannan hanyar bin diddigi Tom Kitwood ne ya fito da ita tare da Kathleen Bredin a Jami'ar Bradford.

Kafin shi, a ƙwaƙwalwa kawai ake neman amsa. Tun 1906 da likita Alois Alzheimer ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar Auguste Deter a Jamus, an ɗauka idan cutar mantuwa ta kama mutum to shi ke nan, sai wanka da abinci da jiran lokaci. In ya cika hayaniya a ba shi maganin da zai kwantar da shi.

Kitwood ba likita ba ne. An haife shi a 1937, ya yi kimiyya a Cambridge, ya zama limamin coci, ya koyar da kemistiri har a Yuganda, sannan ya koma gida ya karanci halayyar ɗan Adam. Sai a tsakiyar shekarun 1980 ya fara shiga gidajen tsofaffi, kuma wataƙila baƙuntar ce ta sa ya ga abin da 'yan gida suka daina gani. Ya lura ba cutar kaɗai ke rusa mutum ba, har da yadda ake mu'amala da shi. Ya lissafa irin waɗannan halaye har 17: yi wa dattijo magana kamar yaro, yaudararsa don ya sha magani, fizge masa cokali saboda yana ɓata lokaci, yin zancensa a gabansa kamar ba ya wurin. Ya kuma nanata cewa ma'aikatan ba mugaye ba ne, al'adar wurin ce suka gada. Wannan yin zancen mutum a gabansa ko mu da tsofaffinmu ke gida mun san shi. Baƙo ya shigo, Inna na zaune a tabarma, amma jikarta zai tambaya ko ta ci abinci, wai ai gigin tsufa take yi.

A 1992 ya kafa cibiyar nazarin cutar a Bradford, a 1997 ya fitar da littafin da ya tattara tunaninsa, cewa mutumin ake fara gani kafin cutar. Ya rasu a 1998 yana da shekara 61.

Maganarsa ta karɓu, har ta shiga ƙa'idojin kiwon lafiya na Birtaniya a 2006. Sai dai faɗa daban, cikawa daban. Rahoton Farfesa Sube Banerjee na 2009 ya ƙiyasta cewa masu cutar kusan 180,000 ake bai wa magungunan taɓin hankali masu ƙarfi, abin da ke janyo ƙarin mutuwar mutum 1,800 a shekara.

Daga baya an sa tunanin Kitwood a sikeli. Binciken da Farfesa Clive Ballard ya jagoranta a gidaje 69, wanda ya fito a 2018, ya nuna horar da ma'aikata da ware wa kowane tsoho ɗan lokacin hira na rage tashin hankali. Amma da Farfesa Claire Surr ta gwada ita kanta hanyar bin diddigin a gidaje 50, ba a ga wani bambanci ba. A ganina ba a ma gwada ta yadda ya kamata ba: an tsara a yi zagaye uku, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen ne kawai suka wuce zagayen farko. Ma'aikata sun yi kaɗan, manajoji na ta sauyawa, babu wanda za a iya sallama daga wanka da ciyarwa ya je ya zauna a lungu na awa shida.