Mai juna biyu da ta saba da tiramadol: daina shi dare ɗaya ba shi ne mafita ba

An daɗe ana ɗauka cewa da zarar mace mai shan tiramadol ko kodin ta gane tana da juna biyu, abin da ya fi mata shi ne ta watsar da maganin a ranar. Niyyar mai kyau ce, amma idan jikinta ya riga ya saba, likitoci ba sa goyon bayan hakan.

Waɗannan magunguna suna bi ta mabiyiya su isa ga ɗan tayi, don haka shi ma yana sabawa da su. Idan uwar ta yanke sha kwatsam, takan kamu da zufa, ciwon gaɓoɓi, amai da gudawa, mahaifa kuma tana iya fara murɗawa har a kai ga ɓari ko haihuwar bakwaini. Akwai wani haɗarin da ba a cika ambata ba: wadda ta daina na 'yan kwanaki, sannan ta koma kan adadinta na da, yana iya fin ƙarfin jikinta, numfashinta ya tsaya.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2014, ta ba da shawarar a mayar da irin wannan mace kan metadon ko bufrenofin, wato magungunan da ake bayarwa a madadin irin su tiramadol da kodin, ƙarƙashin kulawar likita. Jaririn yana iya nuna alamun rashin maganin a kwanakin farko bayan haihuwa, kamar kuka mai tsini, karkarwa da ƙin kama nono, kuma ana magance su a asibiti, musamman idan uwar ta sanar da ma'aikatan jinya tun lokacin awo.