Baƙin Gagai Ya Shiga Kwalba: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya saba ratsa tasha ko kasuwar ƙauye ya san mai maganin nan da kan shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera saiwoyi da ƙulle-ƙullen gari, lasifikarsa na faɗin abin da ɗa ba zai iya saurara a gaban mahaifinsa ba. Da wuya a rasa gagai a cikin kayansa. To, ɗaya daga cikin ire-irensa, wato baƙin gagai, ya tsallaka teku. An ɗura shi a kafso, ana sayar wa masu ɗaga ƙarfe a Amurka da Turai da sunan Fadogia agrestis, har ya soma dawo mana ta intanet da farashin dala.

Wane irin tsiro ne baƙin gagai?

Ɗan guntun tsiro ne na daji, bai cika kai ƙugun mutum ba, karansa da ganyensa sun ɗan yi ruwan ɗorawa. Yana fitowa a dazukan Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, kuma a lissafin masana tsirrai danginsu ɗaya da itacen kofi. Masu maganin gargajiya sun daɗe suna ba da shi don ƙarfin maza.

Ta yaya Turawa suka san da shi?

Daga Ilori labarin ya tashi. A 2005, Musa Toyin Yakubu da abokan aikinsa na Jami'ar Ilori suka wallafa wani bincike da suka yi a kan ɓeraye. Sun jiƙa karan tsiron a ruwa, suka ba mazan ɓeraye kashi uku: miligiram 18, da 50, da 100 a kan kowane kilo na nauyin jiki. Ɓerayen suka ƙara yawan hawan mata, sinadarin maza na jininsu, wato testostiron, kuma ya ninka, a kashi mafi girma har sau shida. Takardar ta yi shekaru ba mai waiwayarta sai masana. Sai wajen 2021, da Andrew Huberman, wani malamin ilimin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Stanford, ya riƙa ambaton tsiron a shirye-shiryensa na intanet, kamfanoni suka yi masa ca. Yawanci ana haɗa shi da wata saiwa ta Malesiya da Indonesiya mai suna tongkat ali.

To da gaske yana ƙara wa namiji sinadarin maza?

A ɓera, ƙwarai. A mutum kuwa, babu wani ingantaccen gwaji da aka wallafa da ya nuna haka. Wannan ita ce maganar da mai talla ba ya son a tsaya a kanta. Duk waccan "ninki shida" da ake rubutawa da manyan baƙaƙe daga kejin ɓeraye aka ɗauko ta, kuma gwajin na 'yan kwanaki ne. Magunguna nawa suka yi abin mamaki a jikin ɓera, da aka zo kan ɗan'adam suka tashi a tutar babu? Hatta miligiram 600 da aka saba bugawa a jikin kwalba ba daga gwajin mutane aka samo shi ba.

Ai ganye ne, ganye kuma ba ya cutarwa, ko ba haka ba?

Zaƙami ma ganye ne, kuma kowa ya san abin da yake yi wa wanda ya sha. Abin lura shi ne, su masanan Ilori ɗin ba su tsaya nan ba. A 2008 sun fitar da sakamakon ba ɓeraye jiƙon na tsawon kwana 28, suka ga alamun cewa yana taɓa aikin 'ya'yan maraina. Da aka daina bayarwa, waɗanda suka sha kashi mafi ƙanƙanta ne suka nuna farfaɗowa. A 2009 kuma suka ba da rahoton lahani a ƙwayoyin hanta da ƙoda. Hannun da ya rubuta yabon shi ya rubuta gargaɗin, amma kasuwa ta ɗauki na farko ta bar na biyu a ƙasa. A ganina wannan rashin adalci ne ga masu binciken, da kuma wanda zai zuba abin a cikinsa. Ka duba lamarin: mutum na neman ƙarin ƙarfi, wataƙila ma yana neman haihuwa, a ba shi abin da aka ga ya taɓa maraina a gwajin da ake da shi.

In yana da haɗari, me ya sa ake barin sayar da shi?

Domin ba a matsayin magani ake sayar da shi ba. Dokar Amurka ta 1994 ta ware irin waɗannan kayan a matsayin ƙarin abinci, don haka kamfani ba ya buƙatar amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, kafin ya kai su kanti. A Nijeriya ma, lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaidar cewa yana warkarwa ba ce. Juya kwalbar ka karanta ƙananan rubutun, sau da yawa za ka tarar an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba.

Amma wani ya ce ya sha, cikin awa guda ya ga aiki.

Nan ne ma ya kamata gabansa ya faɗi. Ƙaruwar sinadarin jiki ba ta aiki kamar kunna fitila. Hukumar FDA ta sha kama kayan ƙarfin maza da aka rubuta wa "tsantsar ganye" alhali an cusa musu sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra, ba tare da an faɗa ba. Shi sildenafil magani ne na gaske, likita kan rubuta shi bayan ya duba mutum. Amma idan mai shan magungunan ciwon ƙirji na rukunin naitiret ya haɗa da shi, jininsa na iya faɗuwa warwas, har a rasa rai. Wanda bai san yana shan abu ba, ina zai san ya kiyaye? Akwai kuma aikin zuciya: wanda ya sakankance cewa ya sha magani, fargabarsa kan ragu, ita kuwa fargaba ita kaɗai tana iya kwantar da namiji.

Ashe raunin gaba ba ƙarancin sinadari ba ne?

Sau da yawa ba shi ba ne. Miƙewar gaba aikin jijiyoyin jini ne, shi ya sa ciwon suga, hawan jini, taba sigari da teɓa suke kan gaba wajen kawo rauni. Tiramadol da samari ke sha don su jima shi ma yana rage testostiron in an daɗe a kansa. Mu kuwa komai sai mu ɗora wa basir da sanyi. Jijiyoyin gaba sun fi na zuciya sirantaka, don haka rauni kan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Magidancin da ya rufe wannan alama da garin gagai a kan tsire ya yi asarar gargaɗin da jikinsa ya ba shi kyauta.

Shi testostiron ɗin ana auna shi ne a jini, da safe, kuma a kan maimaita gwajin kafin a ce ya yi ƙasa. Yakan ragu kaɗan-kaɗan da shekaru, wajen kashi 1 cikin 100 a shekara daga tsakiyar rayuwa. Barci ma na da hannu: wani gwaji a Jami'ar Chicago a 2011 ya nuna samarin da aka taƙaita wa barci zuwa awa 5 na mako guda sinadarinsu ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin 100.

Wanda ya riga ya fara sha fa?

Ya dakata, ya ɗauki kwalbar ko ƙullin ya tafi da shi asibiti, ya faɗa wa likita tsawon lokacin da ya yi yana sha, ba tare da jin nauyi ba. A duba masa suga da hawan jini, a auna aikin hanta da ƙoda. In idonsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko ƙafafunsa suka kumbura, kada ya jira ranar da ya samu sarari, ya tafi a ranar.