Guguwar Katrina: me ya sa aka fi zargin gwamnati fiye da iska?

Shekaru sun shuɗe, amma har yau a Amurka in hukuma ta yi nawa wajen kai agaji, sai a tuna mata da Katrina. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Wace guguwa ce wannan, kuma me ta yi?

Mahaukaciyar guguwar teku ce da ta afka wa gaɓar jihohin Luwiziyana da Misisifi da safiyar Litinin, 29 ga Agusta 2005. A cikin teku ta kai mataki na biyar, mafi ƙarfi, amma kafin ta taɓa ƙasa ta sauko mataki na uku. Birnin New Orleans na jihar Luwiziyana, wanda babban ɓangarensa kwari ne da ke ƙasa da doron teku, ya sha ruwa har kusan kashi 80 cikin ɗari. An daɗe ana cewa mutum 1,833 suka rasu, sai a 2023 cibiyar sa ido kan guguwa ta ƙasar ta rage adadin zuwa 1,392. Asarar dukiya ta kai kimanin dala biliyan 125.

Ai bala'i ne daga Allah. Ina ruwan gwamnati?

Babu wanda ya ce gwamnati ce ta taso da iska. Amma ba iskar ce ta nutsar da birnin ba. Katangun tare ruwa ne suka ɓalle a wurare fiye da 50, kuma injiniyoyin rundunar sojan Amurka ne suka tsara su suka gina. Bincike ya nuna cewa wasu katangun, kamar na magudanar Titi na 17, sun faɗi tun ruwa bai kai bakinsu ba, saboda ba a kafa tushensu da zurfi a cikin ƙasa mai taushi ba.

Kuma ba ba-zata aka yi ba. A watan Yulin 2004, shekara guda kacal kafin nan, hukumomi sun yi atisaye a kan wata guguwar ƙirƙira da suka sa wa suna Pam, wadda ta nuna birnin zai cika da ruwa, dubban mutane su maƙale. Shi ya sa da Shugaba George W. Bush ya ce a talabijin bai jin akwai wanda ya yi tsammanin katangun za su ɓalle, mutane da yawa suka riƙe baki.

An ce kowa ya fice. Me ya hana su tafiya?

Nan ne gizo ke saƙa. Magajin garin, Ray Nagin, bai ba da umarnin ficewa na dole ba sai ranar Lahadi, ƙasa da awa 24 kafin guguwar ta iso. Masu mota sun fita, kuma su ne mafi rinjaye. Amma kusan gida ɗaya cikin huɗu a birnin ba shi da mota. Ƙarshen wata ne, aljihu ya bushe, ga tsoho a gida da ba ya iya tafiya, ga kuɗin otal babu. Cewa irin wannan mutumin ya fice, ba tare da an kawo masa abin hawa ba, faɗa ce kawai. Hoton da ya fi yi wa hukumar birnin tonon silili shi ne na motocin ɗaukar 'yan makaranta, ruwan ɗorawa, jere reras a fili, ruwa ya shanye su har tagogi. Da an tashe su ranar Asabar, da sun kwashe dubbai. Yawancin waɗanda suka rasu a Luwiziyana kuwa tsofaffi ne.

Bayan ruwa ya shigo fa?

Dubban mutane sun fake a filin wasa mai rufi na Superdome. Iska ta yaye wani sashe na rufin, wuta ta ɗauke, banɗakuna suka toshe, ga zafin Agusta. Wasu dubban sun taru a babban ɗakin taro na birnin, inda ba a tanadi abinci ko ruwan sha ba. A ƙofar wurin ne wata tsohuwa ta cika a kan keken guragu, aka lulluɓe ta da mayafi, gawar ta kwana da kwana a nan, duniya na kallo a talabijin.

Ranar Alhamis shugaban hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, Michael Brown, ya faɗa wa 'yan jarida cewa a ranar ya samu labarin mutanen ɗakin taron. Ayarin sojoji da kayan abinci bai shigo sosai ba sai Juma'a, 2 ga Satumba, kwana huɗu bayan guguwar.

To, laifin wa ne takamaimai?

A tsarin Amurka, gari ne ke fara ɗaukar mataki, jiha ta mara masa baya, tarayya ta shigo in abin ya fi ƙarfinsu. A Katrina kowa ya tsaya jiran ɗan'uwansa. Gwamnar Luwiziyana Kathleen Blanco da fadar shugaban ƙasa sun ɓata lokaci suna jayayya kan wanda zai riƙe akalar dakarun jihar. FEMA kuwa tun 2003 aka cusa ta ƙarƙashin ma'aikatar tsaron cikin gida, wadda hankalinta ke kan ta'addanci. Shi kansa Brown, kafin ya shigo hukumar, aikinsa kula da alƙalan gasa ne a wata ƙungiyar masu dawakin Larabawa. Duk da haka Bush ya yaba masa a bainar jama'a cewa yana aiki tuƙuru. Kwana goma bayan yabon Brown ya ajiye aiki.

Bush ya ƙara wa kansa da hoton da aka ɗauke shi yana leƙen birnin ta tagar jirginsa, bai sauka ba. Ranar 13 ga Satumba ya ce ya ɗauki alhakin gazawar gwamnatin tarayya. A Fabrairun 2006 kwamitin majalisar wakilai, wanda 'yan jam'iyyarsa ta Rifablikan suka jagoranta, ya fitar da rahoto da bai ƙyale ko mataki ɗaya na gwamnati ba.

Gaskiya ne launin fata ya taka rawa?

Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna birnin baƙar fata ne, kuma fuskokinsu aka gani a kan rufin gidaje. Ana iya jayayya kan niyya, amma wasu abubuwan ba su da musu. 'Yan sandan garin Gretna, maƙwabcin birnin, sun tare gada suka mayar da masu gudun ruwa baya. A gadar Danziger 'yan sandan New Orleans sun harbe mutum biyu da ba su da makami, suka raunata huɗu. Sannan labaran kisa da fyaɗe barkatai a Superdome, waɗanda daga baya aka gano yawancinsu jita-jita ce, sun sa an riƙa kallon masu neman ceto kamar abokan gaba, agaji ya ƙara jinkiri. A ganina wannan ɓarnar ta jita-jita ba a ba ta muhimmancin da ya kamata ba.

Babu wanda ya yi abin a zo a gani?

Akwai. Dakarun tsaron gaɓar teku sun ceto fiye da mutum 33,000, da jirage masu saukar ungulu da jiragen ruwa, ba su jira takarda daga sama ba. Masu ƙananan jiragen ruwa ma sun shigo da kansu.

An gyara wani abu daga baya?

Wata doka da aka yi a 2006 ta wajabta cewa shugaban FEMA ya zama mai ƙwarewa a harkar agajin gaggawa. An kashe sama da dala biliyan 14 wajen sake katangun, kuma da guguwar Ida ta zo a 2021, ita ma ranar 29 ga Agusta, sun tsaya daram. Sai dai a 2017 guguwar Maria ta daki tsibirin Puerto Rico da ke ƙarƙashin Amurka, aka sake jin koke irin na da: gwamnatin tsibirin ta yi watanni tana cewa mutum 64 suka mutu, kafin ta amince da ƙiyasin 2,975 a Agustan 2018.