Waiwaye: daga kundin rajista zuwa salula a aikin kula da yara a Maradi

Duk wanda ya ga Maradi a 2005 ba zai manta da layukan mata goye da yara masu tamowa a ƙofar cibiyoyin ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ba. A wancan lokaci kayan aikin ma'aikaci su ne sikeli, zaren auna damtse, biro da ƙaton kundi. Uwa ta karɓi kati, ta ƙulle shi a bakin zane, ta dawo mako mai zuwa karɓar abincin maganin tamowa da mata suka laƙaba wa suna biskit. In kati ya jiƙe ko ya ɓace, tarihin yaro ya tafi ke nan. In ta daina zuwa, ba mai sanin ko warkewa ya yi ko rasuwa, sai an aika mutum ƙauyensu.

Salula ta shigo wannan aiki ne ta ƙofar yunwa. A fārin 2010 ƙungiyar Concern ta gwada aika wa matan wasu ƙauyukan jahar Tawa kuɗin agaji ta tsarin Zap na kamfanin Zain, wanda ya koma Airtel. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta jagoranta ya nuna cewa gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu kuma sun fi samun ci, domin matan ba su ɓata wuni a hanya da layi ba, kuma kuɗin ya shigo hannunsu ba tare da duk gari ya gani ba. Wannan na biyun shi ya fi tsaya mini a rai. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san yadda kuɗin da kowa ya gani yake ƙarewa.

A 2011 gwamnati, da tallafin Bankin Duniya, ta kafa shirin ba gidaje marasa ƙarfi tallafin kuɗi mai suna Filets Sociaux, Maradi tana cikin jahohin farko. Jika 10 a wata ga gida, har wata 24, akasari a hannun mace, tare da zaman faɗakarwa kan shayarwa, tsafta da tarbiyyar yara. A nan ne zaɓen wanda za a ba ya fara komawa hannun kwamfuta: a bi gida-gida da tambayoyi, rufin ɗaki na mene ne, dabbobi nawa, baki nawa ke ci, sai lissafi ya fitar da suna. An rage son kai, gaskiya ne. Amma kwamfuta ba ta san cewa akuyoyin da ke ɗaure a tsakar gida na kiwon amana ne ba, kuma ba ta jin kunyar da ke sa magidanci ya ce yana da hatsi alhali rumbu wayam.

Sai 2019, lokacin da ta'asar ƴan bindiga a Zamfara, Sakkwato da Katsina ta koro dubban mutane, yawanci mata da yara, zuwa yankunan Gidan Runji da Madarunfa. Hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe ofishi a Maradi, aka riƙa yin rajista da zanen yatsa da hoton ƙwayar ido, aka tsugunar da wasu a Ɗan Daji Makau, Garin Kaka da Cadakwari. Na taɓa ganin wata dattijuwa a wurin irin wannan rajista, daka da noma sun shafe mata zanen yatsa, na'ura ta ƙi karɓa. Yarinyar da ke aikin ta ce, "Inna, ki ƙara dannawa." Ta danna sau huɗu, jikanta yana riƙe da gefen zanenta, kafin a shafa mata ruwa a yatsa ya kama.

Duk wannan ci gaba yana tsaye ne kan takardar haihuwa. Rajistar haihuwa a Nijar ta tashi daga kashi 32 cikin 100 a 2006 zuwa 64 a 2012, an kuma yi sabuwar dokar rajistar jama'a a 2019. Sauran yaran fa? Almajirin da aka kawo birni daga ƙauye da ƴar tallar tasha su ne suka fi rasa takarda. A ƙasar da kashi 76 na ƴan mata ke aure kafin shekara 18, Maradi kuma tana kan gaba, yarinyar da ba ta da shaidar shekarunta da wuya ma'aikacin kare yara ya iya tsaya mata gaban kowa.

Akwai kuma maganar sirri, wadda a ganina ba a ba ta haƙƙinta ba. Ƙasar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido. Amma a aikace, hoton yaron da ya ɓata ko wanda aka ci zarafinsa yana yawo a WhatsApp da sunan neman taimako, kuma ba ya gogewa. Sannan a gidaje da yawa salula ta maigida ce. Lambar da aka rubuta wa mace tana aljihun mijin da ya tafi ci-rani.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa Maradi ta layin Katsina, masu ba da tallafi da dama suka dakatar da kuɗi. Kwamfuta ta zauna ba caji, rezo yana ɗaukewa. Ma'aikatan da suka ci gaba da bin gidaje a watannin nan, kafin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairun 2024, sun sake jingina da biro da kundi, da kuma matan unguwa da suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba.