Ƙungiyoyin zumuncin mata a ƙananan garuruwan Amurka: me ke cikin tsofaffin littattafansu?

Wace irin ƙungiya ake nufi?

Ƙungiya ce ta mata masu haɗuwa a zaure ɗaya, galibi sau biyu a wata, da rantsuwar shiga, da kalmar sirri da ake raɗawa a bakin ƙofa, da kuɗin ƙungiya da kowa ke biya. Yawancinsu a gindin ƙungiyoyin maza suka tsiro. An kafa Odd Fellows ta Amurka a Baltimore a 1819, sai a 1851 ta buɗe wa matan mambobinta reshen Rebekah. Wanda ya tsara ƙa'idojin reshen shi ne Schuyler Colfax, wanda ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 1869. Eastern Star ta iyalan 'yan Mason ce, wato wata ƙungiyar zumuncin maza, Pythian Sisters kuma ta zo a 1888. Da yake ba a karɓar baƙaƙen fata, sai suka kafa nasu rassan, kamar reshen Eastern Star da suka buɗe a Washington a 1874.

Ban da taro, me suke yi?

Aikin da Odd Fellows ta ɗora wa kanta huɗu ne: duba mara lafiya, agaza wa mai ƙunci, binne mamaci, ilimantar da maraya. A ƙaramin gari kuwa, rabi da kwatan wannan aiki a wuyan mata ya faɗa. Su ke kwana wurin jinya, su ke girkin ranar jana'iza, su ke ɗinka barguna a sayar a tara kuɗin gidan marayu. Wasu ƙungiyoyin ma har inshora suka shiga: Royal Neighbors of America, wadda ta samu rajista a jihar Illinois a 1895, ta riƙa sayar wa mata inshorar rai a lokacin da kamfanoni da yawa ba sa kallonsu. A tuna fa, sai a 1920 matan Amurka baki ɗaya suka samu 'yancin jefa ƙuri'a, alhali a waɗannan zauruka sun daɗe suna zaɓen shugaba da ma'aji, suna jan ragamar taro.

Waɗanne takardu suka bari?

Na farko littafin sakatariya, inda take rubuta abin da aka tattauna, da wadda ta kawo shawara, da wadda ta mara mata baya. Sai littafin ma'aji, da takardun neman shiga masu ɗauke da shekarun mai nema da wurin zamanta da sunayen waɗanda suka tsaya mata. Akwai kuma takardun ta'aziyya, domin idan 'yar ƙungiya ta rasu akan lulluɓe takardar izinin kafa reshen da baƙin ƙyalle, a aika wa iyalanta rubutaccen jaje.

A ganina littafin ma'aji ya fi duka daraja, duk da shi ne ya fi gundura. Jaridun zamanin sukan kira matar aure da sunan mijinta kawai, amma a nan sau da yawa za ka ga sunanta na yanka. Idan ta daina biya, ko aka yafe mata bashi, ko ta nemi takardar sauya reshe zuwa wani gari, mai bincike zai iya hango shekarar da gona ta ƙi, ko miji ya rasu, ko iyali suka yi ƙaura. Mai neman asalin kakarsa yakan samu a shafi ɗaya abin da ƙidayar jama'a, da ake yi bayan shekara goma-goma, ta tsallake.

Akwai asirai a ciki?

Kaɗan ne. Ba a rubuta kalmomin sirri a littafin taro. Ko zaɓen sabuwar shiga, da ake yi da fararen ƙwallaye da baƙaƙe a cikin akwati, sakamako kawai ake rubutawa, ba a faɗin wadda ta jefa baƙi.

Me ya durƙusar da su, kuma ina littattafan suke yanzu?

Dokar tallafin tsofaffi ta 1935 da yaɗuwar inshorar kamfanoni sun rage buƙatar agajin ƙungiya. Sai talabijin ta zo, mata suka fita aiki, matasa suka bar ƙananan garuruwa. Reshen da ya rasa mutane ko dai ya haɗe da na maƙwabta, ko ya mayar da takardar izininsa da littattafansa ga hedikwatar jiha. Saboda haka mai nema ya fara da can, sannan ƙungiyar tarihi ta gunduma da ɗakunan karatu na jami'o'i. Wasu littattafan kuma suna nan a gidajen jikokin sakatariya ta ƙarshe, cikin akwatin da ba a buɗe ba tun rasuwarta.